Motar da Ke Ƙwace Birki a Tsaye: Ta Ina Za a Fara Bincike?

Duk wanda ya saba da mota mai giyar otomatik ya san halinta. Ka sa ta a D, ka ɗaga ƙafa daga birki, sai ta soma rarrafe da kanta ba tare da ka taɓa totur ba. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta, kuma shi ne ke rage wa direba wahala a cunkoson Mararaba da safe ko na Kurna da yamma. A shimfiɗaɗɗen wuri, lafiyayyar mota ba ta wuce kilomita 5 zuwa 10 a awa a irin wannan rarrafe, kuma ɗan dafa birki ya isa ya tsayar da ita cak.

Abin yana zama matsala ne ranar da ka ga sai ka danne birki da ƙarfi a danja, ƙafarka na sagewa, motar kuma tana ta neman ƙwacewa. Ka sa D ko R, ta yi gif ta zabura. Ka zo yin ribas a ƙofar gida, maimakon ta silala sai ta yunƙura. Mai yana ƙarewa da wuri, birki yana cinyewa, man giya yana dahuwa a banza. Mafi muni kuma shi ne haɗari. A unguwanninmu yara na wasa gaban mota da bayanta, ɗan adaidaita sahu kuma yakan kutso maka ba sallama. Taku ɗaya da motar za ta ƙara ba da izininka ba ya isa ya jawo abin da za a daɗe ana baƙin cikinsa.

Sau da yawa idan aka kai irin wannan mota gareji, maganar farko da mai ita zai ji ita ce: "Alhaji, ai giyar ce ta fara tafiya, sai dai a sauke ta." Kada ka yi saurin yarda. A mafi yawan lokuta giyar ba ta da laifin komai, abin da aka ba ta shi take miƙa wa tayoyi. Laifin na inji ne: silonsa ya hau, wato gudun da yake yi shi kaɗai lokacin da ba a taka totur ba ya wuce ƙa'ida.

Ga dalili. Tsakanin inji da giya akwai wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da man giya, wadda kanikawa ke kira kwanbata. A cikinta akwai farfela guda da inji ke juyawa, da wata da ke haɗe da giya, kuma ba sa taɓa juna, mai ne kawai a tsakaninsu. Kamar dai ka juya ruwa da hannu a cikin baho, ƙoƙon da ke kan ruwan ya soma zagayawa shi ma: ka juya a hankali, da ɗan yatsa za a tare shi, ka juya da ƙarfi, sai an sa hannu. Abin da ya kamata kowane mai mota ya riƙe shi ne, ƙarfin da kwanbata ke miƙawa ba ya ƙaruwa daidai da gudun inji, ya fi shi saurin hawa nesa ba kusa ba. Idan silo ya tashi daga 700 zuwa 1,000, jan da motar ke yi ya kusa ninkawa biyu. Idan ya kai 1,400, ya ninka huɗu. Shi ya sa ƙarin da ido ke rainawa a kan agogo yake zama kokawa a ƙafa.

Allura tukuna

Kafin a taɓa sifana ko guda, a karanta agogon RPM da ke dashbod, wanda lambobinsa ke tafiya 1, 2, 3, kowace lamba tana nufin juyi dubu a minti. Ka tuƙa motar na kamar minti goma sha biyar ta yi ɗumi sosai. Ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri da babu kowa a gabanka, ka ja hambirki, ka kashe esi da fitilu da rediyo, ka miƙar da sitiyari. Dubi allura a P, sannan ka taka birki ka sa D ka sake dubawa. A yawancin ƙananan motocin fetur da ke yawo a titunanmu, irin su Corolla da Camry da Accord, ya kamata ta zauna tsakanin 600 da 800, wato ƙasa da lamba 1 sosai, kuma a D takan ɗan ƙara sauka. Yanzu kunna esi. Idan ta ɗan motsa sama kaɗan ta zauna, ba laifi, kwamfutar motar ce ke tallafa wa inji saboda nauyin kwamfuresa.

Kada a yi wannan awo da sassafe a kan inji mai sanyi. Da hunturu, mota takan tashi a kan 1,200 zuwa 1,500 sannan ta sauko cikin 'yan mintuna, kuma a wannan lokacin dole ta ja fiye da yadda ta saba. Maganinsa ɗan haƙuri ne kafin a sa giya.

Daga nan hanya ta rabu uku. Idan allura ta tsaya a 1,000 ko sama bayan inji ya yi zafi, ko tana hawa tana sauka, to inji za a bi. Idan tana daidai amma motar na wahalar riƙewa, a duba birki. Sai idan waɗannan biyun sun wanke kansu ne za a juya ga giya.

Idan silo ne ya hau

A fara da abin da ba ya cin ko sisi. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin feda. Kafet mai kauri da aka ɗora kan wani kafet, ko ledar da masu wankin mota suka mayar a karkace, tana iya tokare totur ta hana shi dawowa. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2009 kamfanin Toyota ya yi kiranyen miliyoyin motoci a Amurka saboda shimfiɗar ƙasa da ke maƙale wa fedar totur.

Sai ka buɗe bonet. Idan motar mai wayar totur ce, kamar Corolla ta 2003 da 2004, ko Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2005, ko waɗanda suka girme su, bi wayar da ido har inda ta naɗe a bakin injekta. Taɓa ta da yatsa. Dole ta kasance da ɗan sako-sako. Idan ka same ta a ɗaure tam, to tana riƙe da murfin iska a buɗe ko da ƙafarka na ƙasa. Kusa da wurin akwai wani ɗan ƙaramin noti da murfin ke jingina a kai idan ya rufe, galibi da ɗigon fenti a kansa daga kamfani. Idan ka ga fentin ya fashe, an taɓa shi.

Nan ne nake da ƙorafi a kan wata al'ada da ta yi katutu a garejinmu. Mota ta zo tana karkarwa a silo, ko tana mutuwa idan an kunna esi. Maimakon a nemi fulogin da ya mutu, ko kwayil, ko nozul da ya toshe, ko kujerar inji da ta fashe, sai a ɗaure waya ko a murɗa wannan noti a ce an "ƙara mata silo". Karkarwa ta ɓuya, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Amma ciwon farko yana nan, ga kuma sabo an ɗora masa. Idan motarka ta fara wannan ja ne daga ranar da ta dawo daga gyara, ka koma ka tambaya kai tsaye: "Malam, an taɓa silo?" Tambayar nan kaɗai takan rage rabin aikin.

Al'ada ta biyu ta fi wannan yaɗuwa, ita ce cire tamostat. Da zarar mota ta shigo daga Kwatano ko tashar Legas, sai a ce wannan na ƙasar sanyi ne, a fizge shi a jefar, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Ba gaskiya ba ne cewa zafin ƙasarmu ya sa ba ma bukatarsa. An ƙera inji ya yi aiki ne a kan zafin da ya kai digiri 80 zuwa 95, kuma tamostat, wanda a Toyota da yawa yake buɗewa a wajen digiri 82, shi ke kai shi can da wuri ya riƙe shi a wurin. Idan babu shi, ruwa na zagayawa lagireto ba tsayawa, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da safe, da dare, da hunturu da lokacin ruwan sama. Kwamfuta kuwa abin da sansan zafi ya gaya mata shi take bi. Muddin tana ganin sanyi, za ta ci gaba da ɗaga silo tana ƙara mai. Alamar a fili take: allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya, ko ta kai a cunkoso amma ta faɗi da zarar ka hau babban titi. A mayar da tamostat na asali, a mayar da fanka kan tsarinta. Idan motar na obahitin, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa, can ciwon yake.

Wani lokaci tamostat na nan lafiya, sansan zafin ne ke ƙarya, ko wayarsa ta tsinke. A tsofaffin Honda kuma, irin su Hala da Henesi, ruwan lagireto na ratsawa ta jikin bawul ɗin da ke kula da silo. Idan ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga layin, ko wani ya toshe waɗannan ƙananan tiyo saboda yoyo, sai ka ji inji yana hawa yana sauka shi kaɗai ba ƙaƙƙautawa. A cika ruwa, a fitar da iska, a mayar da tiyo kafin a sayi komai.

Sai ɓarauniyar iska. Duk iskar da inji zai shaƙa ya kamata ta bi ta bakin injekta. Idan ta samu wata kafa a bayansa, tamkar an ɗan taka totur ne. Robobin motocin da suka shekara ashirin suna shan zafi da ƙura sun bushe, suna tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Da inji na aiki, kasa kunne ka ji ko akwai tsiwwar iska. Bi tiyo ɗaya bayan ɗaya: mai kauri da ke zuwa tukunyar birki, wanda ya fito daga murfin saman inji, da ƙananan da ke manne da manifol. Lanƙwasa kowanne ka duba cikinsa. Matse shi da filaya a hankali, ka sa tsumma don kada ya yanke. Wanda ka matse silo ya sauko, ka kama ɓarawo. Ga gaskit ɗin manifol kuwa, fesa ruwa kaɗan a gefensa, idan muryar inji ta canza to nan ne. Wasu na fesa fetur ko man wanke kabireta. Yana nunawa, amma wasa da wuta ne a kan inji mai zafi, ban ba kowa shawararsa ba. Gaskit ɗin manifol na Corolla 2003 zuwa 2008 ya yi suna wajen wannan yoyo, musamman idan inji na da sanyi.

Bakin injekta shi kansa yana tara baƙin datti, ƙurar hunturu ta haɗu da tururin baƙin mai. A motoci masu waya akwai wani bawul a gefe ko a ƙasa wanda kwamfuta ke buɗewa da rufewa don daidaita silo. Idan datti ya daskarar da shi a buɗe, silo ba zai sauko ba. A kwance shi a wanke, a sa sabon gaskit.

Motocin da ba su da waya, irin su Camry daga 2002, Corolla daga 2005, da Accord mai silinda huɗu daga 2006, labarinsu ya ɗan bambanta, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. A cikinsu ƙaramin moto ne ke buɗe murfin iska bisa umarnin kwamfuta. Yayin da datti ke taruwa shekara da shekaru, kwamfuta na ƙara buɗe murfin kaɗan-kaɗan don iska ta wadatar, tana kuma ajiye wannan a ƙwaƙwalwarta. Ranar da aka wanke shi tas, ita ba ta san an wanke ba, sai ta buɗe kamar jiya, iska ta kwararo, silo ya haye 1,200 ko fiye. Ba abin da ya lalace, koya mata za a sake yi. A Honda, ana ɗumama inji har fanka ta tashi, sannan a bar shi a silo na aƙalla minti biyar, komai a kashe, ba a taɓa totur ba, kuma ba a lissafa lokacin da fanka ke juyawa. Motocin Nissan irin su Altima da Murano sun fi taurin kai, galibi sai an yi musu da na'urar bincike. Wajen wankin kuma, kada a tura murfin da yatsa alhali makulli na kunne. Yana iya datse yatsa, haƙoran cikinsa kuma na iya lalacewa.

A nan na'urar bincike ke da rana. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. P0507 na nufin silo ya wuce yadda ake so, P0505 matsala a tsarin silo, P0171 iska ta fi mai yawa, P0128 inji ba ya kaiwa zafinsa. Amma kada ka biya kuɗi don a karanta lamba a goge kawai. Ka ce a nuna maka abin da sansa ke faɗa a lokacin da inji ke aiki. Idan inji ya yi zafi har ba ka iya dafa tiyon sama, amma na'ura na nuna digiri 40, ko ma 40 ƙasa da sifili, sansan zafi ko wayarsa ne. Idan ƙarin man da kwamfuta ke yi ya haura kashi 10 cikin ɗari a silo, amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Sansan totur a motoci masu waya kuma ya kamata ya ba da kusan rabin bolt idan murfi na rufe.

Idan allura na daidai

To wataƙila motar ba ta ƙara ja ba, birkin ne ya rage riƙo. Gwajin minti ɗaya ne. Kashe mota, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri. Riƙe shi a take, ka tayar da inji. Fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, tukunyar birki na aiki. Ta tsaya ƙiƙam, tukunyar ko tiyonta ko ɗan bawul ɗin da ke bakinta ya samu matsala. Ka lura kuma ko silo na hawa ko yana rawa duk lokacin da ka taka birki, tare da huci daga ƙarƙashin dashbod. Wannan robar cikin tukunyar ce ta yage, kuma ita ce mafi sharri, domin tana ƙara wa inji iska a daidai lokacin da take rage maka ƙarfin birki. Motar da ke haka ba ta hawa titi sai an gyara. Idan feda na nutsewa a hankali har ƙasa alhali kana riƙe da ita, a duba masta da yoyon man birki.

Sai giya, daga ƙarshe

A shimfiɗaɗɗen wuri, sa N ka saki birki a hankali, ƙafarka na kusa. Bai kamata ta motsa ba. Idan ta ci gaba da rarrafe, ko dai wayar giya ta goce, hannu na kan N amma cikin giya bai gama fita daga D ba, ko kuma faiba ta ƙone ta manne. Na farko saiti ne mai sauƙi, na biyu ne ke bukatar a buɗe giya. Idan an ɗaga motar a jak aka ga tayoyi na ɗan juyawa a N, wannan kaɗai ba hujja ba ce, jan mai ne, kuma lafiyayyar giya ma tana yi.

Zaro gejin man giya ka ɗiga man a farar takarda. A yawancin motoci, ja garau shi ne lafiya. Baƙi mai ƙaurin ƙuna na nuna faiba ta sha wuta. Idan ya yi fari-fari da kauri, ruwan lagireto ya shiga. A Toyota ana aunawa ne inji na aiki, da zafinsa, giya na P. A Honda kuwa sai an kashe inji, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Kuma kowace giya da manta: T-IV ko WS a Toyota gwargwadon shekara, DW-1 a Honda wanda ya maye gurbin Z1, NS-2 ko NS-3 a Nissan masu CVT. Jan man da ake aunawa a galan a bakin titi ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

A cikin kwanbata akwai wani kuloci da ke kamawa idan mota ta miƙe a kan gudu, ya saki idan za a tsaya. Idan ya ƙi saki, motar za ta riƙa turo kanta tana jijjiga yayin da kake rage gudu, sau da yawa inji ya mutu da ka tsaya, ko kuma da zarar ka sa D. Allura a nan ƙasa take faɗuwa, ba sama ba, kuma na'ura kan nuna P0742. Sau da yawa solonoyid ne ko datti a bawul bodi, waɗanda a motoci da dama ake kaiwa gare su ba tare da an sauke giya ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: an taɓa canza giya ko inji? Idan an ɗauko giya Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo aka haɗa da kwanbatar da ba ta wannan injin ba, tana iya zama daram a mazauninta amma ta fi kamawa da wuri, motar ta riƙa ja fiye da da. A gwada lambobin da ke jiki da na tsohuwar. Gwajin da ake danne birki da totur lokaci guda don auna kwanbata aikin gwani ne, ba ya wuce daƙiƙa biyar, kuma yana dafa mai nan take. Kada ka yi shi a gida. Motoci masu giyar DSG ta Volkswagen ko PowerShift ta Ford ba su da kwanbata, kwamfuta ce ke ɗan kama kuloci don ta yi rarrafen, saboda haka da na'ura ake sake saita su, a kuma duba makunnin fitilar birki, domin da shi kwamfuta ke sanin ka taka.

Kafin ka samu kai ta gyara, ka riƙa sa N da hambirki a doguwar tsayuwa, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, kuma kada ka sa D ko R alhali allura na sama da 1,500. Kada ka ba ɗan koyo ita. Idan ta taɓa ƙwacewa a kan hanya, danne birki da ƙarfi ba tare da sassautawa ba, tura giya N, ka gangara gefe, sannan ka kashe.

Ranar karɓar mota kuma, kada ka biya a kan inji mai sanyi. Ka zagaya da ita tare da bakaniken har allurar zafi ta kai tsakiya, ku tsaya, ka sa D ƙafarka na kan birki, ku dubi agogo tare, da esi da kuma ba esi. Idan allura ba ta sauko ƙasa da lamba 1 ta zauna ba, aiki bai ƙare ba, ka bar masa motar.